Hotunan Matan Badagishiri

Ban taɓa mantawa da ranar da Hajiya Rabi ta shigo burona, wato ofishina, ba ko sallama, ta dangwara waya a kan tebur. Wata Talata ce a ƙarshen damina, ana shirin noman rani.

Lokacin ni ce sakatariyar wata haɗakar ƙungiyoyin manoman albasa a Birnin Konni, ni ke kuma kula da na'urori. Kowace ƙungiyar ƙauye tana da sakatarenta, shi ke ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa na kowane mamba ya turo, mu haɗa dosiye, wato takardun neman iri da injin ban-ruwa. Da can ta gurup ɗin waya ake turowa, kowa na ganin na kowa. Matan Badagishiri, waɗanda Hajiya Rabi ke shugabanta, suka ƙi. Suka ce fuskar matar aure ba za ta yi yawo a wayar mazan da ba ta sani ba.

Saboda su na shafe makonni ina gwada manhajojin raba fayil. Ta farko ta yi wa tsohuwar ordinatarmu, wato kwamfuta, nauyi, sai nishi take. Ta biyu ba ta buɗewa sai da rezo, wato sabis ɗin waya, mai ƙarfi, alhali a ƙauye irin Dogarawa sai mutum ya hau tudu kafin saƙo ya fita. Na tsaya kan wata 'yar ƙarama wadda ke ajiye komai cikin ordinatar da ke ƙarƙashin teburina, ba a wata ƙasa ba. Kowane sakatare da lambar sirrinsa, kuma takardun ƙauyensu kaɗai yake gani. Mu biyu ke ganin duka, ni da shugaban haɗakar, Alhaji Mamman. Ban so ba shi babbar lambar da ke buɗe duka ba, amma ya ce wane irin shugaba ne za a kulle wa ƙofa a buronsa.

Na hau mota har Badagishiri, na nuna wa matan, na rantse musu babu baƙon idon da zai gani. Suka yarda, har Hajiya Rabi ta fara ce mini ɗiyata.

To, ranar nan da na duba wayar Hajiya, katunansu ne jere cikin gurup. A ƙarƙashi har wani mara kunya ya rubuta yana tambayar wace ce ta uku.

"Ke kinka ce ba mai gani," in ji ta. "To, wanga hwa?"

Na faɗa buron Alhaji. Ashe wani jami'i daga Tawa ne ya nemi sunayen, shi kuwa Alhaji ya kwashe hotunan ya tura inda hannunsa ya saba. Ko ajiye kofin shayinsa bai yi ba.

"Ɗiyata, ai hoto ne kawai. Abin nan naki wuya gare shi, nan kau dannawa guda."

Na gaya masa a gaban baƙinsa cewa ya zubar mini da mutunci, ya tozarta matan mutane don ƙyuyar danna waya sau uku. Na koma na soke lambarsa. Ya rubuta mini takardar gargaɗi, har yau tana cikin dosiyena, kuma ban yi nadama ba.

Matan sun janye sunayensu, shekarar nan da guga suka yi ban-ruwa. Na bi Hajiya har tasha ina rantsuwa manhajar ba ta yi kuskure ba. Ta ce ta sani.

"Na'ura ba ta yi min rantsuwa ba. Ke kinka yi."

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, na ga kuna auna nauyin manhaja da ƙarfin rezo, kuma daidai ne. Amma ku fara tambaya wa zai riƙe babbar lamba, kafin ku yi wa kowa alkawari. Har yau in mun haɗu da Hajiya Rabi a kasuwa tana amsa gaisuwata, sai dai ba ta sake ce mini ɗiyata ba.