Sunan da Yaya Ya Sa wa Baffa

Baffa ƙanen mahaifinmu ne. A-daidaita-sahu yake ja tsakanin Bata da Singa, har ranar da hawan jini ya kayar da shi, ɓarinsa na dama ya shanye. Sun rabu da matarsa tun tuni, don haka aka dawo da shi gidanmu a Fagge, aka ba shi ɗakin zaure. Mahaifinmu ya riga ya rasu. Babban yayanmu ne ke riƙe da shagon atamfa a Kwari, shi ke ciyar da gidan, kuma ba ya bari kowa ya manta.

Yaya ne ya fara kiran Baffa da "drone". In zai fita da safe sai ya ce, "Drone, an tashi lafiya?" Baffa ya washe baki ya amsa. Ya san kalmar, domin ya taɓa ganin ɗan jirgin nan marar matuƙi yana shawagi yana ɗaukar hoto a wani biki a Sabon Gari. Tunda wuni yake a ƙofar gida yana kallon mai shiga da mai fita, sai ya ɗauka yabo ne.

"Gaskiyar yaron nan," in ji shi. "Ai babu abin da ke wuce ni a layin nan."

Yaran unguwa suka kama, su ma Diron suke ce masa.

Lokacin ina shirin jarrabawar gama sakandare, ina zuwa lesin ɗin Turanci wajen wata malama 'yar ƙabilar Ibo a Sabon Gari. Wata Asabar ta ba mu labarin ƙudan zuma mu karanta, sai ga kalmar a ciki. Na ɗaga hannu na ce jirgi ne. Ta ce e, amma wannan daga baya ya zo. Ta juya zuwa Hausa don mu gane sosai.

"Namijin ƙudan zuma ne. Ba ya nemo abinci, ba ya harbi, sai dai ya ci. In abinci ya yi ƙaranci a amya, sauran su jawo shi waje, su bar shi ya mutu." Ta ce ana faɗa wa mutum ma, wanda ke zaune yana cin gumin wasu. "Cima-zaune ke nan. Zagi ne, kar in ji kun faɗa wa kowa."

Da na koma gida na gaya wa Umma. Ta ce in kama bakina. Amma ita ta kasa daurewa, ta ja Yaya gefe ta roƙe shi ya daina. Abin ya ɓata masa rai.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Yaya da abokansa biyu suna cin shinkafa a zaure tare da Baffa, sai Yaya ya ƙwala mini kira.

"Zo nan, malamar Turanci. Gaya wa Baffa ma'anar sunansa."

Na ce jirgi ne mai ɗaukar hoto.

"Ba wannan kika kai wa Umma ba."

Na sunkuyar da kai. Sai ya ciro wayarsa ya karanto da Turanci, yana fassarawa a hankali, har wajen jawowa waje. Ɗaya abokin ya tuntsire da dariya, ɗayan ya ƙura wa faranti ido.

Cokali na hannun hagun Baffa, da shinkafa a kai. Ya dube ni. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka uwata yake ce mini.

"Haka ne, uwata?"

"Haka malama ta ce, Baffa."

"To," in ji shi. "Ni na ɗauka na sama ne." Ya mayar da shinkafar cikin faranti, ya ajiye cokalin.

Daga ranar bai ƙara cin abincin gidanmu ba. In Umma ta aike ni da kwano, yadda na kai haka nake dawowa da shi. Daga baya wata Bayarabiya mai sayar da robobi a kasuwar Sabon Gari, wadda ya daɗe yana ɗaukar wa kaya, ta ce ya zo ya riƙa zama mata a rumfa, ya kwana a sitonta. Ya tafi da buhun kayansa, yana jan ƙafa. Sati bai zagayo ba Yaya ya cika ɗakin zauren da dilolin atamfa.

Na kan biya ta rumfar in na tashi daga lesin. Ya rame, ga sanyin siminti ya sa masa tari. Ya kan tambayi Umma da ƙannena, bai taɓa tambayar Yaya ba.

Da damina ya rasu. A ƙofar gidanmu aka yi zaman makoki, Yaya a gaba cikin farar shadda yana karɓar gaisuwa. Na fito da ruwa na ji yana ce wa wani dattijo, "Wallahi mun yi iya ƙoƙarinmu a kansa, shi ne ya ƙi zama."

Dattijon ya ce, "Allah ya saka maka da alheri, Alhaji."