Ƙanƙarar Kusu

Shekarun baya, cikin wani azumi na tsakiyar bazara, ƙanwata ta kira ni daga Illela. Ni ɗan kasuwa ne, albasa da wake nake juyawa a Konni. Ita ce ta yi lakwal, wato boko, mai zurfi, tana binciken wata cuta da ake zargin kusu, wato ɓera, na kaiwa cikin rumbuna. Ta ce an aiko mata saƙo daga Yamai, in karɓa a tasha in kawo mata da hannuna.

Na je da shirin ɗaukar kwali, sai aka miƙo mini ƙaramar glasiyar, akwatin nan mai riƙe sanyi, cike da ƙanƙara. A tsakiya akwai kwalba naɗe da auduga, ba ta kai ɗan yatsana ba.

"Yaya, kada ta yi zafi," in ji ta a waya. "In cuta ta shiga jiki, jini yana ƙera garkuwa. Abin da ke kwalbar nan daga ƙwayar halitta ɗaya tak aka raino shi, bai san komi ba sai garkuwar jinin kusu. Ba ta mutum, ba ta akuya. In ya lalace, jinin kusun da na tara tun kaka ya zama banza."

Mun wuce Tsarnawa kaɗan motar haya ta mutu. Mu fasinjoji muka koma gindin wani gawo, na rungume glasiyar kamar mai jego. Rana ta take, gonaki fayau, iska tana rawa a kan kwalta kamar ruwa. Yunwa ta sa hankalina ya tafi. Na riƙa ganin abin da ke kwalbar nan yana yawo cikin kasuwar Konni, yana wuce dubban fuskoki bai waiwaya ba, har ya kama hannun mutum ɗaya ya ce kai nake nema. Ni da na ƙare rayuwata ina yi wa kowa murmushi, sai na ji ina kishinsa.

Da magariba ta matso, idanu suka dawo kaina. Ruwan jarkar direba ya yi zafi kamar na wanka.

"Alhaji, a sammana ƙanƙara mu sha ruwa mana," in ji direban.

A wajenmu ba a hana ruwa, balle ga mai azumi. Amma na ce, "Ku yi haƙuri, wagga ta kusu ce."

Aka fashe da dariya. "Kusu ma azumi shikai? To Allah shi karɓa mishi!"

Wata tsohuwa ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ɗana, mi kusu za shi yi da ita?" Na faɗa mata yadda na fahimta, a karkace. Ta ce jikarta ta yi zazzaɓin da ba a gane kansa ba, bayan sun share rumbu. Ta kwance mayafinta, ta jiƙa da ruwan butarta, ta lulluɓe glasiyar. Muka sha ruwan zafi da dabino.

Da motar ta tashi muka isa Illela, ƙanƙarar da ta rage ba ta fi goro ba. Washegari ƙanwata ta ɗiga abin cikin wani faranti mai ƙananan ramuka, ta wanke, ta sake ɗiga wani ruwa. Muka zuba ido. A hankali wasu ramukan suka soma yin shuɗi, kamar sama bayan ruwa.

"Yana da rai, Yaya," ta ce.

Ban san sunan tsohuwar ba, ban sake ganinta ba. Na ɗauki kaya masu nauyi a rayuwata, babu wanda ya kai wannan 'yar kwalba. Har yau in azumi ya zo na bi hanyar nan, nakan tsaya gindin gawon da glasiyar cike da ƙanƙara, in miƙa wa duk wanda magariba ta tarar a wurin. In an tambaye ni ta mece ce, sai in ce ta kusu ce.