Ƙat-Ƙat ɗin Keken Baba

A tayar baya ta keken Baba akwai wani faifan roba, tsakanin sarƙa da wayoyin taya. Da can fari ne, rana ta mai da shi ruwan ɗorawa. Gefensa ya tsage, don haka duk juyin taya sai ya ce ƙat-ƙat-ƙat. Idan Baba ya taso daga gonar rake, tun daga mangwaron bakin hanya muke jin sa.

Wannan ƙarar ce rufin asirina. A aji ko sunana aka kira da ƙyar nake amsawa, amma in ina shara a tsakar gida, waƙa nake yi da ƙarfi, wadda na ƙirƙira da kaina. Akwai ta malamin lissafi da takalminsa mai kuka, akwai ta akuyarmu da ta shiga rumbu. Da na ji ƙat-ƙat sai in haɗiye sauran. Waƙa a gaban Baba? Ai gara ƙasa ta tsage in shige.

Wata ranar kasuwar Maƙarfi ya dawo ya jingine keken, ya ce mai gyara ya ce aikin faifan shi ne hana sarƙa faɗawa cikin wayoyi, amma wannan ya gama yayi, a ɓalle shi.

"Malam, a bar shi mana," in ji Umma. "Kaji na jin sa suna kaucewa." Ni dai na san ba kaji ba ne. Da shi take sanin lokacin katse hira da ƙanwarta a waya.

Yayana, wanda ƙarar ke tashinsa daga barcin rana kafin Baba ya iso, ya ce, "Baba, ai ado ne."

"Ado? Wannan abu kamar tsohon murfin kwano?" Ya juyo gare ni. "Uwata, ke fa?"

Na kalli yatsun ƙafata. "A bar shi."

"Saboda me?"

Na ƙara sunkuyar da kai.

"To ni cirewa zan yi. Muryarki ta fi faifan nan nisa, tun daga rafi nake jiyo ki. Kullum akuya na shiga rumbu sai a yanke min. Har yau ban san ko ta fito ba."

Na ruga na ɓuya bayan randa. Umma na dariya har da tari, ina jin Baba yana ɓalle robar da filaya.

Kwana uku ina shara bakina gum. A na huɗu na manta. Na ɗauko waƙar tun daga farko, na kai ta har inda aka jawo akuya ta ƙafa, gemunta duk dusa.

Sai ga gyaran murya daga zaure.

"Salamu alaikum. Alhamdu lillahi, ashe ta fito."