Marowaci da Ƙwan Surukata

Ƙwai ne ya fashe mini a ƙirji, a gaban surukata. Baragurbi, mai warin da ke sa mutum ya tuba da cin abinci. Na tsaya ina yaƙe, ita kuma ta toshe hanci da gefen mayafi ta ce, "Baban yara, kajin ke nan?"

Injin ƙyanƙyasa ne na wurin aikinmu. Ni ke kai wa mutane in haɗa musu. Manhajar cikinsa kuwa aikin wani dattijo ne da muke kira Marowaci. Shekara ashirin yana ɗaki ɗaya, kujera ɗaya, da kofin shayin da rabonsa da sabulu tun kafin in yi aure. Cikin kofin ya yi baƙi kamar gindin tukunya.

Ƙwaƙwalwar injin kilobayit takwas ce kacal, wato gurbin harafi dubu takwas da 'yan kai, kowane gurbi bayit ɗaya, shi kuma ya yanka ta gunduwa-gunduwa a wani fayil na saiti da ake cikewa kafin a haɗa manhaja. Wurin ajiye awon zafi, bayit ɗari biyu da hamsin da shida. Wurin saƙon da za a tura waya, rabin haka. Akwai layin da ke ba injin damar ɗebo ƙarin wuri da kansa in yana aiki. Marowaci ya kashe layin, ya rubuta a gefe: kada a taɓa. In ka roƙi ƙarin bayit goma, sai ya dube ka kamar ka nemi ƙodarsa.

To surukata ta zuba ƙwai ɗari biyu a injin bisa maganata, bayan na cika baki a gaban dangi. Na so ta riƙa ganin awon zafi na mako guda a wayarta, ta san 'yarta ba ta yi zaɓen banza ba. Amma wurin da aka ware wa awon ba zai ɗauki na mako guda ba. Ran da Marowaci ya je cire haƙori, na buɗe fayil ɗin, na kunna layin nan, na haɗa manhaja na ɗura a injin surukata. Ya yi aiki tsaf. Har rawa na taka.

Kwana tara injin na ɗebo wuri ba ya mayarwa. Ƙwaƙwalwa ta cika, injin ya sandare, hitar da ke ɗumama ƙwan kuma tana ta ci. Ba wanda ya lura sai da ƙudaje suka fara layi a taga.

Daga gidanta ofis na wuce, ko riga ban sake ba. Marowaci na zaune yana kurɓar shayi a kofin nan.

Na ce, "Malam, rowarka ce ta jawo. Da ka ba injin wuri isasshe tun farko, me zai kai ni fayil ɗinka?"

Ya dubi ƙirjina, ya ja kofinsa gefe.

"Shekara shida injin nan na fitar da 'yan tsaki da rowata. Kyautarka ta kwana tara, ga ta nan a rigarka. Ja da baya, kana ɓata mini shayi."