Sunan da Inna Ta Ƙi Faɗa

Babana tela ne a kasuwar Gadarif, amma in ka same shi a ranar da ransa ke fari, cewa zai yi shi mawaƙi ne da keken ɗinki ya riƙe wa ƙafa. Tsakanin rumfarsa da shagon mai sayar da littattafai bai fi taku ashirin ba. A ƙyauren shagon nan ake liƙa takardar da maɗaba'ar jami'a take aikowa daga Hartum, mai ɗauke da jerin sababbin littattafanta da sanarwar fitowar mujallarta ta adabi. Duk ranar da aka liƙa sabuwa, Baba zai bar rigar mutane a bakin allura, ya je ya karanta ta daga sama har ƙasa, yana bin sunayen marubuta da yatsa. Bai taɓa sayen ko ɗaya ba. Mai shagon ya sha yi masa tsiya, ya ce, "Ya Hajji, ko sunanka kake nema?" Baba sai ya ce, "Shi ɗin fa nake nema."

Kuma da gaske yake. Yana da wata doguwar waƙa da ya tsara da Hausa, ya rubuta ta da ajami a littafi mai shuɗin bango. Labarin kakanmu ne, yadda ya taso daga yamma da niyyar hajji, yana yi wa mutane noma yana ƙara gaba, har ya iso ƙasar baƙar lakar nan, ya ga yadda riɗi ke yi, ya ce bari ya yi damina ɗaya. Daminar nan ce har yau ba ta ƙare ba. Burin Baba ɗaya ne a duniya: ya ga waƙar a buge, da sunansa a ƙarƙashinta. Ya rasu bai gani ba, ina shekara ta biyu da fara koyarwa a makarantar 'yan mata.

Da damina ta wuce na buɗe akwatinsa, na tarar gara ta riga ni. Bango kawai ta bar mana. Na zauna a ƙasa ina kuka, Inna ta leƙo ta ce, "Ke, me kike wa kuka? Mutumin nan shekara talatin yana rera mini ita a kunne, ina tuƙin tuwo yana yi, ina shara yana yi. Ko ban so ba ai ta zauna." Nan take ta ja baitin farko, ba ta tsaya ba sai da ta kai inda kakanmu ya kafa bukkarsa.

Sai na faɗi wace ce Inna, in ba haka ba abin da ya biyo baya ba zai shiga kai ba. Mace ce mai kunya irin ta mutanen da. Ni ce 'yar farinta, don haka tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ce "ke", in ta ji haushina ni ce "waccan". Sunan mijinta kuwa ko a mafarki. Akwai mai kawo mana ruwa a jaki da ya ci sunan Baba, shekara da shekaru tana kiransa "mai sunan Malam", har mutumin ya saba yana amsawa. Mu da muka tashi a makarantar Larabci muna yi mata dariya, ita kuma tana kallonmu kamar marasa tarbiyya.

Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da kofunan jabana, gahawar da ake yi wa baƙi, a ƙarƙashin rumfa ba a wanke ba, Inna na zaune a kan gadon igiya tana ta fara'a. Wai wata malamar jami'a ce ta zo, tana yawo tana tattara waƙoƙin mutanen gabashin ƙasar don fitowa ta musamman ta mujallar nan. An nuna mata gidanmu. Ta ajiye rikoda, Inna ta rera mata waƙar daga farko har ƙarshe, sai da aka juya kaset.

Na kira ta yadda muke kiran uwa da Larabci, na ce, "Yumma, kin dai gaya mata ta Baba ce?"

Ta ce, "Na gaya mata mana. Har sau uku."

Ban ƙara tambaya ba. Na san uwata sarai, amma murna ta rufe mini ido, ban ce mata ta yaya ta faɗa ba. Wannan laifin nawa ne, kuma har yau ina jin sa.

Daga nan na gaji wurin tsayuwar Baba a ƙofar shagon. Shekarun nan takarda ta yi wuya, maɗaba'ar kuma ta duƙufa kan littattafan karatu da ake mayarwa Larabci, da na tarbiyya da wa'azi. Jerin da a da yake cika shafi ya koma rabin shafi. Mujallar adabi ta yi shiru. Duk Alhamis in na tashi daga aiki sai na bi ta kasuwa, ko da laka ta kama mini takalmi, in karanta takardar da na riga na haddace. Mai shagon ya mayar da tsiyarsa kaina, wai tsayuwar ma gado ce a gidanmu. In na shiga gida Inna ba ta tambaya kai tsaye. Sai ta ce, "Kin biyo ta kasuwa?" In ce na biyo. Ta ce, "To, Allah karim," ta ci gaba da abin da take yi. Haka muka yi damina uku.

Ranar da ta fito, lokacin kakar riɗi ne, motoci daga Fashaga sun cika gari da buhuna. Tun daga nesa na hango sabuwar takarda fara fat a ƙyauren. Kafin in kai layi na uku mai shagon ya miƙo mini mujallar, ya ce biyu kawai aka aiko, ya ɓoye mini ɗaya. A tsaye na buɗe ta. Ga waƙar Baba nan, Hausa da harufan Larabci a dama, fassara a hagu, baiti bayan baiti, a buge tsaf kamar yadda ya yi ta mafarki. Na duba ƙarƙashin take, inda ake sa sunan mai waƙa. An rubuta cewa ba a san shi ba. A can ƙasan shafin, da ƙananan harufa, malamar ta yi bayani cewa ta ji waƙar daga bakin wata dattijuwa a Gadarif, wadda ta ce ta uban 'ya'yanta ce amma ba ta ambaci suna ba.

Ban san yadda na kai gida ba. Na same ta tana tsintar wake, ko sallama ban yi da kyau ba.

"Yumma, me kika ce wa matar nan?"

"Na ce ta uban yaran nan ce. Ta sake tambaya, na ce ta Malam ce. Ta ce Malam wa, na ce Malam na gidan nan." Ta ɗago ta dube ni. "Yo duk hillar nan wa bai san shi ba?"

A wurinta magana ta ƙare. Ita a zatonta Hartum ma hilla ce, wato unguwa, in ka ce Malam na gidan nan kowa ya gane. Na faɗa mata maganganun da ba a faɗa wa uwa. Na ce mutum ya yi shekara talatin yana neman sunansa a ƙyauren shago, dama ta zo har tsakar gidansa, kunyarta ta binne shi karo na biyu. Ta ture faifan waken gefe, ta ce, "Karanta mini."

Na karanta. Sau biyu ta tsayar da ni ta gyara inda aka ji kalma ba daidai ba. Da na kai ƙarshe ta karɓi mujallar, ita da ba ta karatu, ta ce in nuna mata wurin. Na ɗora mata yatsa a kai. Ta daɗe tana shafa wurin.

"Ɗauko alƙalaminki. Rubuta shi a nan."

Har lokacin zuciyata ba ta huce ba. Na ce, "Wa zan rubuta? Ai sun ce ba a san shi ba. Ni ma ban san shi ba."

Ta waiga ta dubi ƙofar gida, kamar mai tsoron wani ya shigo. Ta ja gefen mayafinta ta rufe baki. Sannan, ƙasa-ƙasa, ta faɗi sunan. Cikakke, har da na kakanmu. Tun da nake ban taɓa jin sa a bakinta ba, kuma ta faɗe shi wani iri, a hankali, kamar mai ɗaukar ƙwai. Na rubuta da jan biron da nake gyaran aikin ɗalibai da shi. Ta tashi ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai la'asar.

Na aika wa maɗaba'ar wasiƙa biyu ina roƙon a gyara. Ban san ko sun isa ba. Na ci gaba da tsayuwa a ƙofar shagon wasu shekaru, sababbin littattafai na fitowa, mujallar na zuwa jefi-jefi, gyaran bai zo ba. Inna ta bi Baba, ba ta sake faɗin sunan ba, ba ta kuma taɓa kiran nawa ba.

Mujallar tana nan a wurina, a cikin gwangwani saboda gara. A duk duniya ita kaɗai ce mai sunan Baba a ƙarƙashin waƙarsa. Amma in na buɗe ta yanzu, ba bugun jami'ar nake kewa ba. Muryarta nake nema, yadda ta furta shi. Sau ɗaya ta faɗa, ni kuma ina cikin fushi, ban saurara da kyau ba.