Harsashi a Gindin Tsamiya

"Lakar nan tsagewa take da rani, Malam! Saiwa za ta ci harsashin. Ko a sare tsamiyar, ko a matsar da ɗakin!" Muryar magini ce daga bayan katangar masaukina a Rimin Gado.

Na leƙa. Mai gidan dogo ne siriri, hularsa a karkace. Ɗakin ajiyar albasa yake so a lambun bayan gida. Mai gidan yana kafa turke yana zarewa, amma ba ya barin inuwar tsamiyar. Ga fili can mai tsakuwa, ko kallonsa ba ya yi. Taurin kai ne, ko tsoro? Na rasa gane masa.

A bakin ƙofa ya ce da magini a hankali, "A tsakuwar can aka binne cibiyar ɗiyata Tahira. Ba zan ɗora mata siminti ba."