Kuɓewa a Jirgin Farfesa

Ni da ko kogin garinmu ban taɓa tsallakawa ba, wai ni aka bar wa gadin jirgin ruwa. Malamin da ke duba kundin digirina a Kuala Lumpur, wani dattijo Bamalaye, yana da ƙaramin jirgi a tashar ruwan Klang, irin wanda iska ke turawa da wani ƙaton farin ƙyalle. Zai leƙa ƙauyensu, ya ce in kwana biyu a ciki. Ta yaya zan ce a'a ga mutumin da sa hannunsa ne kaɗai ya rage min? Na tattaro daga Setapak, unguwar da nake zaune. A kwana na uku aka rufe ƙasa saboda korona, shi can, ni nan.

Aikin kullum iri ɗaya ne. Da safe in zuƙe ruwan da ya taru a ƙasa, in wanke gishiri daga ƙarafa, in kankare ƙananan kodi da ke manne wa ciki. Ƙyallen kuwa ya ja min kunne a kansa: in riƙa shimfiɗa shi ya sha rana, kada ya yi funfuna.

Ana haka kwaɗayin miyar busasshiyar kuɓewa ya kama ni. Jirage sun daina tashi, babu mai zuwa daga gida da ƙullin tsaraba. Kewa ta dame ni, har kuka na yi rannan. Na sayo ɗanya a kanti, na yayyanka, na duba inda zan shanya. Ga shimfiɗa fara tas, ga rana. Wane Bahaushe ne zai ga wannan ya wuce?

Na manta a ƙasar nan hadari ba ya sallama. Ina barcin azahar ruwa ya kece. Na fito da gudu, santsi ya kwashe ni, na tafi da baya har bakin jirgi. Yauƙi ya bi ƙyallen ko'ina. Don tsoro na naɗe shi haka nan, na ɗaure, na yi shiru wata biyu. Duk saƙon da ya turo sai in amsa da "to" ɗin yarensu, "Boleh, Farfesa, komai lafiya."

Ranar da ya dawo ya ce mu fita teku. Ya ja igiya, ƙyallen ya tashi baƙi-baƙi da wari, kuɓewa na zubo masa a ka. Na ce shi ke nan, shekara huɗu ta tafi. Ya tsinci ɗaya, ya juya ta, na faɗa masa gaskiya kaina a ƙasa.

Ya miƙo min burushi. Kwana tara ina gogewa, shi yana zaune a inuwa da kundina da jan biro. A na taran ya sa hannu, bai ɗago ba ya ce, "Ɗana, ni ina ɗalibi a ƙasar waje kifi na shanya a kan na'urar ɗumama ɗakin wata Baturiya da nake haya a gidanta. Ita korata ta yi."